Tambayoyi da Amsoshi Kan Rufe Makarantun Firamare da Matsin Kuɗi a Ƙananan Hukumomin Zamfara

Duk lokacin da aka ji ƙishin-ƙishin cewa za a haɗe makarantar wani ƙauye da ta garin da ke maƙwabtaka, ko aka wayi gari an ɗauke malami ɗaya tilo da ya rage a wata makaranta, tambayoyi kusan iri ɗaya ne iyaye da masu unguwanni suke yi. An tattaro su a nan, aka amsa su gwargwadon abin da doka ta tanada da kuma abin da ake gani a ƙasa.

Wa ke da makarantar firamare: ƙaramar hukuma, jiha ko tarayya?

Dukkansu ukun suna da hannu a ciki, kuma daga nan ne rikicin yake farawa. Kundin tsarin mulki na 1999 ya sanya samar da ilimin firamare da kula da shi cikin ayyukan da ƙaramar hukuma za ta shiga tare da gwamnatin jiha. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta kafa hukumar UBEC a Abuja, ta tanadi hukumar SUBEB a kowace jiha, sannan ta tanadi hukumar ilimi a kowace ƙaramar hukuma ƙarƙashin sakataren ilimi. A Zamfara wannan yana nufin SUBEB ɗaya a Gusau da sakatarorin ilimi 14, daga Anka zuwa Zurmi. Sakataren ilimi shi ne mutanen gari suka fi sani, domin shi ke tura malamai makarantu, shi kuma hedimasta yake kai wa rahoto, amma ɗaukar malamai masu yawa da manyan gine-gine sun fi ƙarfin ofishinsa.

Daga ina kuɗin makarantar yake fitowa?

Ya kamata a raba kuɗin gida biyu, domin mafi yawan ruɗanin da ake samu ya samo asali ne daga cakuɗa su.

Na farko shi ne albashin malamai. Wannan yana fitowa ne daga kason da ƙananan hukumomi suke samu kowane wata daga asusun tarayya. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, gwamnatin tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba kashi 20.60. Kason ƙananan hukumomin yakan sauka a asusun haɗin gwiwa na jiha, a cire albashin malaman firamare, a cire na ma'aikatan ƙaramar hukuma da na lafiya a matakin farko, da fansho, da kason masarautu, abin da ya rage shi ake miƙa wa ciyaman. A ƙaramar hukumar karkara, inda harajin kasuwa da na tasha bai taka kara ya karya ba, wannan kaso shi ne kusan duk abin da ake da shi.

Na biyu shi ne kuɗin gini da kayan aiki. Doka ta ware wa UBEC abin da bai gaza kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ba, kuma rabin wannan kuɗi ana raba wa jihohi ne bisa sharaɗin cewa jiha za ta ajiye daidai abin da za a ba ta kafin ta karɓa. Idan jiha ba ta ajiye nata kason ba, kuɗin yana nan kwance a Abuja, kuma jihohi da yawa a ƙasar nan sun sha barin nasu shekara da shekaru. Wannan kuɗi na azuzuwa ne, da bencina, da banɗakuna, da rijiyar burtsatse. Ba a biyan albashi da shi. Shi ya sa mutum zai ga sabon gini mai fenti kore da fari a bakin hanya, da tambarin aikin a jikin bango, ya leƙa ciki ya tarar babu malami: aljihun da ya yi ginin daban, aljihun da zai biya malamin daban.

Akwai na uku da kusan ba a maganarsa, wato kuɗin gudanarwa na yau da kullum, na alli da rajista da jan biro da gyaran ƙyauren da ya ɓalle. Wannan shi ne yake fara ɓacewa idan aka shiga matsi, kuma sau da yawa daga aljihun hedimasta ko na ƙungiyar iyaye da malamai yake fita.

Ai an ce kuɗin ƙananan hukumomi sun ƙaru tun da aka cire tallafin man fetur. To ina matsin yake?

Gaskiya ne cewa tun daga 29 ga Mayun 2023, lokacin da aka sanar da janye tallafin, adadin nairorin da ake rabawa kowane wata ya ƙaru sosai. Sai dai abin da nairar take saye ya ragu, domin hauhawar farashi ta haura kashi 30 cikin ɗari a 2024, kuma duk wanda ya sayi siminti ko kwanon rufi a wannan tsakani ba ya buƙatar a yi masa bayani. Ga kuma mafi ƙarancin albashi, wanda ya tashi daga Naira 18,000 a 2011 zuwa 30,000 a 2019, sannan zuwa 70,000 a Yulin 2024. A ɗauki misali kawai don lissafi: ƙaramar hukumar da ke da malamai 1,000, idan kowannensu ya sami ƙarin Naira 40,000, to an ɗora mata Naira miliyan 40 kowane wata, kafin a zo ga sauran ma'aikata da 'yan fansho. Malaman sun cancanci ƙarin, har ma da abin da ya fi shi, amma dole ne lissafin ya fito daga wani wuri.

A Zamfara akwai wani nauyin da jihohi da yawa ba su da irinsa. Kuɗin tsaro, da ciyar da 'yan gudun hijira, da kula da waɗanda aka jikkata, duk suna cin kason da a da za a iya gyara azuzuwa da shi. Kasuwannin karkara da suka mutu ko suka yi rauni sun tafi da ɗan harajin da ake samu daga gare su.

Duk da haka, bai kamata a bar kalmar matsi ta zama bargon rufe komai ba. Matsi yana bayyana dalilin da ya sa kuɗi bai isa ba, amma wanda aka fara hana wa kuɗin idan bai isa ba, wannan zaɓi ne da wasu mutane suka zauna suka yi, kuma ana iya tambayarsu.

Yaya ake rufe makaranta? Takarda ake aikowa?

Da wuya a ga takardar da ta ce an rufe makarantar gari kaza. Abin da aka fi gani shi ne makaranta ta mutu a tsaye. Na san wata makaranta a wani ƙauye da ba zan ambaci sunansa ba, mai gini biyu, aji biyu-biyu a kowanne, wadda a da take da malamai biyar har da malamin Arabiyya. Ɗaya ya yi ritaya ba a maye gurbinsa ba. Biyu suka nemi canji zuwa cikin gari saboda hanya ta lalace da tsoro, kuma babu mai ganin laifinsu. A wata bazara iska ta yaye rufin gini ɗaya, aka tattara kwanon aka jingine a bayan ofis, aka rubuta takarda zuwa ofishin ilimi, aka zauna jiran amsa. Hedimasta ya haɗa 'yan aji ɗaya zuwa uku a ɗaki guda, ya raba allo da layin alli gida uku, 'yan aji huɗu zuwa shida kuma suka koma gindin dalbejiya tare da malamin Arabiyya. Da damina ta sauka, 'yan gindin bishiya suka daina zuwa. Da kaka ta yi, iyaye suka ga gara yaro ya je roron wake da ya je ya zauna a tsakar makaranta. Bayan shekara guda, da jami'an ƙidayar makarantu suka zo, yaran da suka tarar ba su cika aji ɗaya ba, sai aka rubuta cewa makarantar ba ta da ɗalibai, aka ba da shawarar a haɗe ta da ta gaba.

Abin lura a nan shi ne yadda dalili da sakamako suka sauya wuri a kan takarda. A rahoto, ƙarancin yara ne ya sa aka ɗauke malamai. A ƙauyen kuwa kowa ya san cewa malamai da rufi suka fara tafiya, yara suka bi bayansu.

Mene ne bambancin wannan da rufe makarantu saboda tsaro?

Rufewar tsaro umarni ne da ake bayarwa a fili, kuma yawanci na ɗan lokaci ne. Bayan sace ɗalibai mata 279 a Jangebe, cikin ƙaramar hukumar Talata Mafara, ranar 26 ga Fabrairun 2021, an rufe makarantun kwana na jihar. Bayan harin makarantar Kaya a Maradun ranar 1 ga Satumbar 2021, gwamnati ta rufe makarantun firamare da na sakandare baki ɗaya. Waɗannan matakai ne da aka ɗauka don ceton rai. Inda biyun suke haɗuwa shi ne lokacin buɗewa: makarantar cikin gari tana komawa aiki da zarar an ba da izini, ta ƙauye kuwa, wadda ta yi watanni a rufe, gara ta ci katako, awaki suka mayar da aji turke, malamanta kuma an riga an rarraba su a wasu wurare, tana buƙatar kuɗi kafin ta farfaɗo. Idan kuɗin bai zo ba, rufewar wata uku sai ta zama ta shekara uku ba tare da wani ya yanke hukuncin hakan ba.

Idan aka haɗe makarantu biyu, ba a rage kashe kuɗi ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi cancantar a tsaya a kanta, domin ita ce hujjar da ake kafawa. Amsar ita ce ana ragewa, amma abin da ake ragewa bai kai yadda ake zato ba. Kusan duk kuɗin da ake kashewa kowane wata a makarantar ƙauye albashi ne. Ba ta biyan kuɗin wuta, ba ta da motar ɗaukar yara, ba ta biyan haya. Malamin da aka ɗauke daga makarantar da aka rufe ba korarsa ake yi ba, mayar da shi wata makarantar ake yi da albashinsa da matakinsa. Saboda haka abin da aka tsira da shi bai wuce kuɗin gyaran ginin da dama ba a yi ba, da albashin maigadi idan akwai shi. A ɗaya ɓangaren kuma, makarantar da aka tura wa yaran tana buƙatar ƙarin azuzuwa da bencina da banɗaki, in ba haka ba yara su cunkushe a ƙasa. Manufar ilimi ta ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, kuma duk wanda ya leƙa aji ɗaya a manyan makarantun Gusau ko Ƙaura Namoda, musamman tun da 'yan gudun hijira suka shigo, ya san yadda wannan adadi ya zama labari.

Akwai inda haɗewa take da ma'ana, kuma rashin adalci ne a ɓoye hakan. Idan makarantu biyu suna cikin gari ɗaya, tsakaninsu tafiyar minti goma, ɗaya da malamai biyu ɗaya da uku, to haɗa su ya fi alheri, domin malamai biyar a wuri guda za su iya riƙe azuzuwa kusan duka. Haka nan akwai makarantun da tun farko siyasa ce ta kafa su, don kada a ce unguwar wane ta samu, ta wane ba ta samu ba. Abin da ba ya karɓuwa shi ne a ɗauki wannan hujja ta cikin gari a ɗora wa ƙauyen da ke da gulbi tsakaninsa da makaranta ta gaba.

A ganina, hanya ɗaya ce haɗewa take rage kuɗi da gaske, ita ce idan yaran da aka tura ba su je ba. A nan ne ba a buƙatar sabon aji, ba a buƙatar sabon malami. Duk lissafin da ya nuna an samu rara mai yawa daga rufe makarantar ƙauye, a duba shi da kyau, za a tarar a kan wannan zato aka gina shi ko da ba a faɗa ba.

Su wa suka fi cutuwa?

Ƙananan yara da 'yan mata. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya taka kilomita uku ko huɗu da safe, ɗan shekara shida ba zai iya ba, kuma idan bai shiga aji ɗaya a kan kari ba, da wuya ya shiga daga baya. Uban da ya yarda 'yarsa ta je makarantar da yake hangowa daga ƙofar gida ba lallai ne ya yarda ta bi hanyar daji ba, kuma a halin da ake ciki a yankunan Maru, Zurmi, Shinkafi da Tsafe babu mai hankalin da zai kira wannan ƙin boko. Kuɗin kabu-kabu zuwa da dawowa kullum ya fi ƙarfin manomin da ke da 'ya'ya huɗu a firamare. Yarinyar da ta zauna a gida, tallar da take yi bayan an tashi ita za ta koma yi tun safe.

Doka ta ce dole a sa yaro makaranta. Idan babu makarantar fa?

Dokar 2004 ta ɗora wa uba ko mariƙi wajibcin sa yaro a firamare da ƙaramar sakandare. A karon farko gargaɗi ne, a karo na biyu tarar Naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya ko duka biyun, bayan nan kuma Naira 5,000 ko wata biyu. Amma sashen da ya zo da wannan hukunci ya fara ne da ɗora wa kowace gwamnati wajibcin samar da ilimin kyauta ga kowane yaro. Iyayen da aka ɗauke musu makaranta suna da damar tunatar da hukuma wannan jimla ta farko.

Maganar malaman bogi fa? Idan aka kore su ba za a samu kuɗin ba?

Za a samu wani abu, kuma tantance ma'aikata abu ne da ya kamata a riƙa yi. Sunan mamaci da ke karɓar albashi, ko mai riƙe da takardar koyarwa alhali yana shago a kasuwa, duk kuɗin alli ne suke ci. Sai dai akwai wata ɓarnar da ta fi wannan yawa kuma tantancewa ba ta kama ta, wato rashin daidaito wajen rabon malamai. Malami na gaske, mai takardar NCE, wanda ke zuwa aiki kullum, amma an jibge shi tare da wasu da yawa a makarantar hedikwata saboda yana da wanda ya tsaya masa, albashinsa halal ne, sai dai ƙauyen da aka ɗauke shi aiki da sunansa bai taɓa ganinsa ba. Gyaran wannan ba ya buƙatar sabon kasafi mai yawa. Yana buƙatar sakataren ilimin da zai iya ce wa manya a'a, da ɗan alawus na karkara da masauki mai aminci da zai sa malamin ya zauna.

Hukuncin Kotun Ƙoli kan 'yancin ƙananan hukumomi zai gyara lamarin?

Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnatocin jihohi ba. Masu murna suna cewa yanzu ciyaman ba shi da uzurin cewa an riƙe masa kuɗi a Gusau. Malamai kuwa, ta bakin ƙungiyarsu ta NUT, sun nuna fargaba, kuma fargabar tana da tarihi. An kafa hukumar ilimin firamare ta ƙasa a 1988 saboda malamai suna shafe watanni babu albashi, aka rushe ta a 1991 aka mayar da nauyin ga ƙananan hukumomi, matsalar ta dawo, aka sake kafa ta a 1993. Tsofaffin malamai ba su manta da waɗannan shekaru ba. Hukuncin zai sauya hannun da ke riƙe da kuɗin, amma ba zai ƙara yawansa ba, kuma amfaninsa ga makarantar ƙauye ya dogara ne ga ko mutanen ƙaramar hukumar za su iya ganin kasafinta su yi tambaya a kansa.

Gwamnatin jiha ba ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimi ba?

Ta ayyana. Gwamna Dauda Lawal ya yi hakan a Nuwambar 2023, kuma an ga gyare-gyaren makarantu da biyan basussukan jarrabawa da suka taru. Ma'aunin da ya dace mutanen ƙauye su yi amfani da shi ƙarami ne: malamai nawa ke kwana a garin ko suke isowa kafin ƙarfe takwas, kuma azuzuwa nawa ke da rufi kafin ruwan farko.

Idan muka ji za a haɗe makarantarmu, me za mu yi?

Farkon abin yi shi ne a tayar da kwamitin kula da makaranta, wanda ake kira SBMC, domin shi ne muryar gari da hukuma ta amince da ita, kuma a cikinsa akwai wakilin sarauta, da malamin addini, da mata, da tsofaffin ɗalibai. Kwamitin ya zauna da hedimasta ya ƙirga yaran garin da suka kai shekarun shiga makaranta, gida-gida, har da na rugage da na 'yan gudun hijirar da suka sauka, domin wannan adadi ya fi na rajista faɗin gaskiya. A auna nisan makarantar da ake son tura yaran, a rubuta abin da ke kan hanya, ko rafi ne da ke cika a watan Agusta ko daji ne da ake tsoro.

Da wannan takarda a hannu, sai a bi ta wurin dagaci da uban ƙasa zuwa ofishin sakataren ilimi, a ba kansila da ɗan majalisar jiha kwafi. Magana ta ladabi ta fi tasiri, amma ta kasance mai ƙwari. Na taɓa jin wani dattijo ya ce wa jami'in ilimi a irin wannan zama: "Ranka ya daɗe, ba mu zo jayayya da hukuma ba. Ka faɗa mana nawa za a rage idan an rufe, mu kuma mu faɗa maka yara nawa za su zauna a gida." Waɗannan su ne adadi biyun da ya kamata a ajiye a kan teburi. A kuma nemi a duba zaɓin da ke tsakani, wato a bar aji ɗaya zuwa uku a garin da malami ɗaya ko biyu, manyan yara su tafi makaranta ta gaba. Idan gari zai iya aikin gayya ya mayar da rufi, ko ya ba malami ɗaki, a faɗa a rubuce, domin yana da wuya a rufe makarantar da mutanenta suka riga suka zuba guminsu.

Idan an riga an rufe, yaya batun takardun yara da ginin?

Kada a bar hedimasta ya tafi sai kowane yaro ya karɓi takardar canjin makaranta mai ɗauke da ajinsa da sakamakonsa, musamman 'yan aji shida da ke gab da jarrabawar shiga sakandare. Rajistar shiga da sauran kundayen makarantar a tabbatar an kai su ofishin ilimi an sa hannu, domin bayan shekaru wani zai zo neman shaidar kammala firamare don aiki ko takara. Filin kuma a kafa masa shaida a gaban dagaci, a dasa itatuwa a kan iyaka, a bar makarantar Islamiyya ko ajin yaƙi da jahilci su riƙa amfani da ɗakunan, domin ginin da babu kowa a ciki ƙyamarensa da tagoginsa ake fara cirewa, daga nan gonakin maƙwabta su fara matsowa cikin filin ƙwallo.